Abin da Ke Ƙarƙashin Naɗin Roba

Ba da jarin kowa na fara sana'ar keke a Magaria ba. Tsohon keke guda na saya, na gyara, na sayar, na sayi biyu. A shekarun saba'in, bayan farin da ya kashe shanu, ina da rumfa a bakin kasuwa, ƙarƙashin wata tsamiya. Yawancin kekunan da ke jingine a wurina ta iyakar Najeriya suke shigowa, sauran kuwa na mutanen ƙauye ne da yunwa ta sa suka rabu da su.

A zamanin kowa naɗe kekensa yake yi. Akwai wata roba siririya mai launi, ja da kore da rawaya, da ake kawowa daga Kano. Mutum zai zauna wuni guda yana naɗe ƙarfen kekensa tun daga wuya har gindin sirdi, don kada rana da rairayi su cinye fenti. Keken da ba naɗi ana ganinsa kamar mutum ba riga. Kuma ba a kwance wa mutum naɗi. In ka ce wa mai keke ya kwance ka gani, ka kira shi maƙaryaci ke nan a gaban jama'a. Na ga waɗanda suka yi shekara ba sa gaisawa a kan haka.

Ni kuwa naɗin nan bai taɓa kwanta mini ba, domin yadda yake rufe fenti haka yake rufe tsaga. Sai na koyi bincike ba tare da na taɓa roba ba. Nakan ƙwanƙwasa ƙarfen in saurari amonsa. Nakan hau in saki hannu, in ga ko zai ja gefe. Abin da na fi yarda da shi kuwa sawu ne. Keke mai lafiya in ka miƙe da shi a rairayi, tayar baya kan bi sawun ta gaba, layi ɗaya. Wanda ya taɓa karyewa aka haɗa da wuya ya koma daidai, sai ka ga layi biyu gefe da gefe.

A lokacin akwai wani Babarbare mai haƙar rijiya da ya dame ni da neman keke. Tsakanin Yekuwa da Waca yake aiki, kuma ba kansa kaɗai zai ɗora ba: akwai igiya, akwai dagi, wani lokaci har buhun siminti. Ya ce mini, "Ni ban san keke ba, dillali, kai na sani. Wanda ka ce in hau, shi zan hau." Na yi masa alkawarin mai ƙarfi na farko da ya shigo hannuna.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Baffa yana turo keke. Ba ƙanin ubana ba ne na jini, abokinsa ne, Bafillace mai kiwo da noma a wajen Mallawa. Shi ya wanke mahaifina da ya rasu, shi ya karɓa mini aure. Na tashi na karɓi keken, na shimfiɗa masa buzu, na kawo ruwa. Muka gaisa har muka ƙare mutanen gida da sauran shanun da fari ya bar masa.

"Na ɗan'uwanka ne," in ji shi, yana nufin babban ɗansa. "Ya tafi Kano neman aiki. Ya aiko a sayar, a sayi awaki. Na ce ba wanda zan kai wa sai kai."

Keke ne mai kyau, babban ƙarfe, irin wanda mai rijiya ke nema. Tayoyi da sauran rai, sarƙa ba ta saki ba. Amma idona ya tsaya a wuri ɗaya. Naɗin jikinsa duk ya koɗe, rana ta sha shi, ban da na wuya, inda ƙarfen ƙasa ya haɗu da gaba. Na wurin bai koɗe kamar sauran ba, ga shi da kauri, kamar an ninka shi sau uku.

Na ƙwanƙwasa. Ko'ina ya amsa, wurin kuwa shiru. Na ce wa kaina kaurin roba ne. Na hau, na miƙe zuwa wajen masu gero, na saki hannu, sai na ji yana ja hagu. Ba da yawa ba. Na juyo, na sauka a gaban rumfa, na waiga ina duban ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu. Layi biyu ne.

Baffa ya tashi daga kan buzu, ya zo ya tsaya kusa da ni. Da ya gyara tsayuwa, takalminsa ya share sawun da ke gabanmu. Ko da gangan ne, ko tsufa ne, ban sani ba.

"Baffa, keken nan ya taɓa faɗuwa?"

"Wane keke ne bai taɓa faɗuwa ba, ɗana?"

"Naɗin wuyan nan fa? Ya bambanta da sauran."

"Uwar yaron ce ta sa aka yi."

Ya koma ya zauna. Ni kuma na tsaya da keke a hannu, na rasa yadda zan yi. In ƙarfen nan karyayye ne, ranar da ya saki da siminti a baya, a gangaren wani kwari, mai rijiya da fuska zai sauka, kuma ni na ce ya hau. In kuwa na ce Baffa ya kwance, na gaya wa mutumin da ya wanke ubana cewa ban yarda da shi ba. In na ce ba na saye, zai tambayi dalili. Ko bai tambaya ba, zai tura shi rumfar gaba, kuma mai rijiya zai gan shi a can.

Ina cikin wannan sai ga mai rijiyar da kansa, da laka busasshiya a ƙafa. Yana ganin keken ya dafa sirdi ya ce, "To, dillali, yau ka cika alkawari." Sannan ya hango Baffa, ya washe baki. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kakanni. Kowa na iya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ake yi wa dariya.

"A'a, bawana ne ya kawo mini hawa? Yaushe Fulani suka bar bin saniya suka koma bin ƙarfe?"

"Tun da Barebari suka gaji da zama cikin rami," in ji Baffa. "Wanke ƙafarka kafin ka taɓa kayan mutane."

Nan dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ji daɗin kaina. Abin da bakina ba zai iya faɗa ba, bakin abokin wasa zai faɗe shi a yi dariya. Na ce wa mai rijiya ya zo bayan rumfa in nuna masa wani famfon keke. Da muka kauce na ce masa a hankali, "Ka sa shi ya kwance naɗin wuya. Da wasa. Kada ka ce ni na ce."

Ya dube ni. "Akwai abu?"

"Ban sani ba. Shi nake son sani."

Ya iya aikin. Ya dawo ya zagaya keken, ya latsa taya, ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya kama wuyan ya matsa da yatsa.

"Bafillace, me ka cusa a nan? Ya yi ƙullutu kamar maƙoƙo. Man shanu ka ɓoye wa 'yan duwan na bakin iyaka?"

"Hannunka ya saba da dutse, ina zai san naɗi mai kyau."

"Ni ba na sayen amarya a lulluɓe. Buɗe mu gani. Ko kana tsoron maigidanka ya ga abin da ka sata?"

Masu rumfunan kusa suka fara dariya, wasu suka matso. Baffa ma ya yi murmushi, amma bai dubi mai rijiya ba, ni ya duba. Sannan ya zaro 'yar wuƙarsa daga kube, ya durƙusa, ya yanke robar da hannunsa.

Abin da ya fara faɗowa laya ce, ƙarama, ɗinke cikin jar fata. A ƙarƙashinta ga liƙin tagulla ya zagaye ƙarfen kamar zobe. A gefen liƙin, ta ƙasa, wata tsaga siririya kamar gashi ta sake buɗewa, da tsatsa a bakinta. Na sa farce, ya shiga.

Mai rijiya ya daina dariya. Ya sa hannu ya shafa wuyansa.

Baffa ya ɗauki layar, ya hure mata ƙasa. Ya ce ɗansa ya faɗa wani zaizayayyen wuri a hanyar Dungass da buhun wake a baya. Maƙeri ya haɗa ƙarfen, uwar yaron ta karɓo laya wurin malami, aka ɗora, aka naɗe. "An haɗa, an tsare," in ji shi. "Damina biyu ya yi yana hawa a haka. Me ya rage?"

Yadda ya faɗe shi, za ka rantse bai ga aibi a ciki ba. Wataƙila kuwa bai gani ba. Mutum ne da bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba.

Na ce masa ba zan sayar wa kowa da keken nan don hawa ba, balle mai ɗaukar siminti. Amma zan saye shi in warware, tayoyi da sarƙa da sirdi duk suna da masu nema. Na faɗi abin da zan bayar. Ya ce ya sallama. Ban taɓa ganin Baffa ya sayar da ko kaza bai ja ciniki ba, sai ranar.

Mutane suka watse. Mai rijiya ya ce zai dawo wani mako, ya tafi ba tare da ya sake tsokanar kowa ba. Baffa ya cusa layar cikin hularsa, ya ɗauki sandarsa. Na bi shi don in raka shi bakin hanya. Da muka fita daga cikin jama'a ya tsaya.

"Na ga lokacin da ka ja shi bayan rumfa," in ji shi. "Ubanka da bakinsa yake tambayata."

"Na tambaye ka, Baffa. Na ce ko ya faɗi."

"Ka ce ko ya faɗi. Ba ka ce ko ya karye ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma ni ma akwai abin da ke cina, sai na fitar da shi. "Da na tambaya, za ka gaya mini?"

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce in koma, na bar rumfa ba kowa.

Bai yanke ni ba. In mun haɗu yakan amsa gaisuwa, kuma da aka yi mini haihuwa ya zo suna, ya yi addu'a, ya tafi kafin a kawo abinci. Amma bai sake zama a kan buzuna ba har ya rasu. In ya shigo kasuwa, ta wajen masu dabbobi yake bi.

Mai rijiya ya sami kekensa bayan mako uku, ya yi shekaru yana ɗora masa abin da jaki zai ƙi. Ni kuwa na yanke guntun ƙarfen nan mai liƙi, na rataye a jikin tsamiya. Daga ranar duk wanda ya kawo mini keke, babba ko ƙarami, sai in nuna masa guntun, in ce da bakina zan kwance wuya, in bai yarda ba ya kai gaba. Da yawa sun kai gaba, wasu da zagi.

Wannan na gyara shi. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne takalmin nan da ya share sawu. Shekaru da yawa ina juya shi a raina. Wata rana in ce tsoho ne ya gyara tsayuwa, ni kuma na ci masa fuska a gaban kasuwa a banza. Wata rana in tuna cewa makiyayi ne, wanda ke gane saniyarsa da sawu a cikin garke, kuma ya ga inda nake kallo.