Durƙuson da Ban Karɓa Ba

Na koyar da aikin gona a Khartoum da Yamai, na ɗan taɓa na Alƙahira, kafin tsufa ya dawo da ni wata jami'a a gefen Abuja. Ko'ina na ga malalatan ɗalibai da masu satar amsa, amma duk wanda aka kama sai ka ga kunya a idonsa. Ɗalibi ɗaya ne ban taɓa ganin ta a nasa ba.

Ya fi kowa a ajin kaifin ƙwaƙwalwa da daɗin baki, ga shi yana maimaita shekarar ƙarshe karo na biyu. Ba ya iya jure aikin mako guda. Sau biyu na kama shi da ƙarya, sau biyu ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri," na yafe. Mu haka muka taso, yaro in ya kai gwiwa ƙasa magana ta mutu.

A shekarar, wata ɗaliba 'yar Filato ta yi wata uku tana auna tsayin masara a gonar gwaji wajen Sheda. Littafin awon nata ya ɓace kwana biyu, ya dawo. Da aka kawo rahotanni sai ga lambobinta a nasa, kuma ya riga ta miƙawa. A doka, wanda ya zo daga baya shi ake tuhuma, hukuncin kuwa kora.

Aka tara mu a ofishin shugaban sashe. Mahaifin yaron, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ya ja ni gefe. Ya ce likitan ƙwaƙwalwa ya gaya musu lalura ce ta ɗabi'a, mai ita ba ya jin nauyin haƙƙin kowa, ba ya nadama, kuma yaron ya ƙi komawa asibiti.

Muna dawowa yaron ya zube a gabana yana hawaye.

"Farfesa, yaro ya durƙusa," in ji shugaban sashe. "A rufa asiri, a ce kuskure ne."

"Kuskuren wa?" na ce.

Yarinyar na tsaye bakin ƙofa, ta rungume littafinta mai tabon laka.

"Baba, ni ne na auna," ta ce a hankali. "Kullum da safe."

Na ce da yaron, "Tashi, ɗana. Na yafe abin da ka yi mini. Wannan ba nawa ba ne."

Ya tashi ya kakkaɓe wando. Fuskarsa ta washe kamar ba shi ne yake hawaye ba.

"Tsoho, kana bin hanyar Zuba in za ka gida, ko?" ya ce da ni.

Na jawo takarda na rubuta cewa aikin na yarinyar ne. Ta kammala a shekarar. Shi aka sallame shi, mahaifinsa ya fita bai dube ni ba. Wata guda ina zagayawa ta wata hanyar.