Kawuna Uku na Wanzami Maigandi

A zamanin Turawa, duk garin Ngojin ba wanzamin da ya kai Maigandi laushin hannu, ba kuma wanda ya fi shi sanin hanyar gidan burukutu. Da tafiya ta yi nisa, hannun ya fara rawa. Mutum ya zauna aski, ya tashi da tsagar ƙabilar da ba tasa ba.

Tura ta kai bango ranar da yayarsa Aisa ta ce 'yarta na da ciki, kuma wanzamin garin Mamudo za ta kira askin suna. Tun kaka da kakanni bare bai taɓa aske jaririn gidansu ba.

"Yaya, da raina?"

"Da ranka. Jaririn ma da ransa nake son sa."

Ya nemi abokan shansa: Abatcha mai kanwa, Bubayaro dillalin shanu, da Kaumi, wanda ba a san sana'arsa ba. Kowannensu ya sha tuba shi kaɗai, Kaumi ma kullum da safe yake yi. Suka yanke cewa duk Juma'a da hantsi za su zauna gindin tsamiya, kowa ya faɗi yadda ya yi da ƙishinsa a makon, sannan Maigandi ya aske su ukun.

Ƙarya ba ta yiwuwa a wurin, don wanzami na jin warin bakin wanda yake aske wa, su kuma kawunansu ne ƙarƙashin askarsa. Tun daga nan ba mai ƙaunar lafiyar Maigandi kamarsu. Ya doshi lungun burukutu, sai ya tarar da Bubayaro tsaye, yana shafa ƙeya.

Juma'ar farko hannun ya fi kullum rawa. Abatcha ya tashi da yanka bakwai, ya ce, "Ka gama, ko za ka feɗe?" Daga baya Kaumi ya koma ruwa sau biyu. Ba su kore shi ba, sun dai sa shi farkon layi.

Bayan wata biyar aka haihu. Aisa ba ta tambayi ƙanenta komai ba. Ta sa aka kira su ukun zaure, ta ce su cire hula. Ta duba kai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen kabewa, ta daɗe a kan na Abatcha.

"Wannan tabon fa?"

Maigandi ya ce, "Tsoho ne, Yaya. Na Juma'ar farko."

Ta shiga ciki, ta fito da jaririn.