Tabon da Anti Santsi Ta Goge

Shagon Anti Santsi taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai yankan makulli. Shekararta goma sha ɗaya a ciki tana haɗa wa mutane albam. A kwamfutarta akwai shiryayyun shafuka sittin da uku, masu furanni, masu balan-balan, da guda biyar masu baƙin gefe na mamata. Ta jefa hoto a gurbi, ta rubuta suna da kwanan wata, ta buga. Da wannan ta yaye 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijinta.

Amma ba don furannin ake cika mata benci ba. Hannunta ake bi. Minti shida take yi a kan fuska ɗaya, ta share ƙuraje, ta miƙe tamoji, ta cike wushirya ko ba a ce ta cike ba. Daga nan sunan ya samo asali. Takan ce tun da ta buɗe shago ba wanda ya taɓa dawowa yana ƙorafin an yi masa kyau.

Ran wata Talata da hantsi wani direban tanka ya shigo da firam naɗe a tawul. Kwana tara da rasuwar mahaifiyarsa. Shafi ɗaya yake so, a buga masa bakwai, kowane ɗa ya samu.

"Anti, ki lallaɓa shi don Allah. Tsohuwa ba ta yarda da kyamara ba. Wannan ma satar ɗauka aka yi mata, babu wani."

"Kwantar da hankalinka, Direba. Jibi ka zo ka ga Mama kamar za ta yi magana."

Danshi ya manne hoton da gilashin firam ɗin, don haka ta ɗora shi yadda yake a kan sikana, na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta. Ya fito da ɗan hazo. Ta yi aikinta na minti shida, har da wani dogon tabo a kumatu da ta ɗauke tas, ta adana a kan na asalin kamar kullum, don kwamfutar ta tsufa, ba ta da wurin ajiye biyu. Da yamma hazon ya dame ta. Ta sa reza za ta raba takardar da gilashin ta sake ɗauka. Takardar ta taso, fuskar kuwa ta bi gilashi ta dagargaje kamar fentin tsohon bango. Ta ajiye rezar, sai ta tuna ai tana da shi a kwamfuta.

Ran Alhamis direban ya daɗe yana kallon allo.

"Wace ce wannan?"

"Mama mana."

"Ina tabon?"

"Na gyara mata."

"Kin gyara mata?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Baiwar Allah, ranar da risho ya kama da wuta ina goye a bayanta ta samu wannan tabon. Shekara arba'in da huɗu tana yawo da shi, ba ta taɓa rufe shi da mayafi ba. Maido min da shi. Ko ki ba ni firam ɗina."

Ta buɗe tawul ɗin ta nuna masa. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da ta fi jin sauƙi. Zama ya yi a bencin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Anti Santsi ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ta jawo masa kujera kusa da ita, ta kama linzamin kwamfuta.

"Abin da hannu ya goge hannu zai zana. Kai dai kwatanta min."

Ya kwatanta. Daga gefen ido zuwa haɓa, da ɗan lanƙwasa. A'a, bai kai haka duhu ba. A'a, ya fi haka faɗi. Sau goma sha huɗu tana zanawa tana gogewa, mutum uku suka leƙo suka juya. A na sha biyar ya ɗora yatsa a kumatunsa na hagu, ya mayar na dama.

"Anti, ke da kika gani shekaranjiya, wane ɓangare yake?"

Ta juya ta kalli allon. Fuska wajen dubu ashirin ta share, ba ta taɓa tsayawa ta kalli abin da take sharewa ba.

Ya kira babbar yayarsu a waya. Ta ce hagu, ko shakka babu, kai wane irin ɗa ne? Ya kira autarsu, wadda ta yi jinyar tsohuwar wata takwas. Ta ce dama, sai ta ce tsaya, sai ta fashe da kuka.

Anti Santsi ta buga biyu, ɗaya tabo a hagu, ɗaya a dama, duka a shafi mai baƙin gefe. Ya riƙe su a bakin ƙofa inda haske yake, yana duban wannan yana duban wancan.

"Wanne ka zaɓa, in buga sauran shidan?" ta tambaya a hankali.

"Bar su," in ji shi. "Duk biyun ba ita ba ce."

Ya naɗe firam ɗin da ragowar hoton a tawul, ya bar takardun a kan benci, ya fita.