Luba da Bukkokin Bayan Gari

A Ɗansoshiya kowa ya san Luba da zanzanar fuskarta. Agana ta kama ta tana yarinya, ta ɗauke ƙannenta biyu, ita ta tashi. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba. Kaɗi take yi ta ci abinci.

Ranin da agana ta dawo, 'yan shekaru kafin 'yancin kai, mai gari ya sa aka yi bukkoki a bayan gari ana kai masu ciwon. Dangi sai su ajiye kunu a gindin wata tsamiya su koma. Luba kaɗai ke wuce tsamiyar, tunda ciwon ba ya kama mutum sau biyu. Ba ta da magani. Fifita take yi musu, ta kori ƙuda, ta ɗiga musu ruwa a baki. In numfashi ya fara sarƙewa, sai ta riƙa maimaita kalmar shahada kusa da kunne.

Cikin waɗanda aka kai har da Zuwaira, matar wani maƙeri mai suna Mainasara, da ta bar goyo a gida. Kullum da hantsi mijin yakan tsaya a tsamiyar, Luba ta fito daga nesa ta ce da sauƙi. Zuwaira ta roƙa a kawo mata jaririyar ko hango ta ta yi. Aka kawo, Mainasara ya ɗaga ta sama, amma idon uwar ya riga ya kumbura ya rufe. Luba ce ta riƙa faɗa mata kalar zanen da aka naɗe yarinyar da shi.

Washegari Zuwaira ta cika.

Bayan zaman makoki Mainasara ya zo ƙofar gidan Luba ya durƙusa.

"Inna, me ta ce a ƙarshe?"

Luba ta gaya masa ruwa ta nema, aka ba ta. Ya tambaya ko ta ambaci sunansa. Luba ta ce, "Bakinta ya yi nauyi, ɗan nan. Ban ji ba."

Ya sake dawowa wasu lokuta da tambayar. Takan shimfiɗa masa tabarma su zauna. Da ruwan farko ya sauka aka ƙone bukkokin, shi kuma ya ɗauki 'yarsa ya koma wajen danginsa a Tudun Wada.