Hannun Daman Nectalí

A unguwarmu ta Soyapango, ƙofa biyu ce ta fita daga ƙungiyar 'yan daba: makabarta ko majami'a. Nectalí Arévalo ya zaɓi majami'a. Amma kada a ɗauka sakinsa aka yi. Duk wanda ya ce ya koma ga Yesu, ido za a sa masa har ya mutu. Ran da aka gan shi da kwalbar giya, ko ya taɓa makami, an gane ƙarya yake yi, kuma maƙaryaci harsashi ne rabonsa.

Tun bai fara gemu ba ya shiga ƙungiya, ya kuma yi ɓarnar da ba na son lissafawa, don wasu uwayen suna nan da rai. A kurkuku abokan gaba suka tare shi da adda, suka sare masa jijiyoyin hannun dama. Raunin ya warke, yatsun suka sandare, ko cokali ba sa riƙewa. Ya koyi komai da hagu, hannun daman kuwa kullum yana cikin aljihu don kunya. A can aka yi masa baftisma cikin duro. Da ya fito ya auri Marleni, mai toya wainar masara a ƙofar gida, shi kuma yana yawon sayar da burodi a keke.

Abin da ke cinsa a rai ɗaya ne. A majami'ar Fasto Eulalio kowa na da shaidar da zai bayar: wannan ya yi mafarki, waccan ta ji murya, wani ciwonsa ya tafi ana tsakiyar waƙa. Shi shiru.

"Fasto, ni fa ko gyaran murya Ubangiji bai taɓa yi mini ba," in ji shi. "Anya ya karɓe ni kuwa? Ko don 'yan ƙungiya kawai nake ɗaukar Littafi Mai Tsarkin nan?"

Wata Asabar da tsakar rana sai ga Kunama, sabon shugaban 'yan daba da aka turo wa unguwar daga wani gari, da mutum biyu a bayansa. Marleni na kan tuya, Nectalí na jera burodi a kwando.

"A'a, ɗan'uwa mai tsarki!" in ji Kunama. "An ce kai ne dodon layin nan a da. Yanzu kuma burodi? Yi mana haleluya ɗaya mu ji."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa."

Kunama ya kwaɗa masa mari. Sauran biyun suka rufe shi da duka, suka kai shi ƙasa, suna ƙwallo da haƙarƙarinsa har ya tofar da jini da haƙori. Bai rama ba. Irin wannan gwajin ya san shi, shi ma ya taɓa yi wa wasu. Maƙwabta, jarumawan banza, duk suka ja labulensu.

Sai Kunama ya zaro bindiga ya ajiye a kan tebur, daidai fuskar Nectalí da ke durƙushe. Ya juya ya cafki hannun Marleni, ya danna shi a kan ƙarfen tuya. Ihun da ta yi har bakin titi, ƙaurin fata ya cika ƙofar gidan.

Nan Nectalí ya manta da Yesu, ya manta da Fasto, ya manta da bakin bindigar da ɗayansu ya ɗora masa a ƙeya. Kashe Kunama kawai yake so. Ya kai hannun dama da dukan ƙarfinsa, ya dafe bindigar, ya matsa. Yatsu suka ƙi. Ya sake matsawa, sai bindigar ta sulale daga ƙarƙashin tafinsa ta faɗa cikin bokitin ƙullu.

Kunama baƙo ne, bai san labarin hannun ba. Abin da ya gani shi ne mutum ya dafa bindiga, ya yi kokawa da zuciyarsa, ya ture ta. Ya saki Marleni.

"Kai, wannan da gaske yake," ya ce wa mutanensa. "Ku ƙyale shi, na Allah ne." Suka tsamo bindigarsu, suka kwashi burodi, suka tafi suna dariya.

Nectalí ya ja jiki ya ɗauko man goge baki yana shafa mata a ƙunar, yana kuka kamar yaro. Kunya ta fi haƙarƙarin yi masa ciwo.

"Marleni, ba ture ta na yi ba. Kashe shi na tashi yi."

"Na sani, a gabana aka yi." Ta cije leɓe don zafi, ta dube shi. "Tun da na aure ka, ko ƙuda da hagu kake kora. Ko cikin barci ban taɓa ganin ka miƙa daman nan ba. To yau wa ya mantar da kai?"

Nectalí ya ɗaga hannun daman yana kallo, ya tuna gyaran muryar da ya ce wa Fasto Ubangiji bai taɓa yi masa ba.