Oke ɗin Inna

Inna ta tsaya a tsakar sabon gidan da na gina mata a Madawa, tana shafa bangon siminti a hankali kamar mai shafa bayan maraƙi. Ni ko ina gefe ina kallonta. Za ta zauna, ko ta koma garinmu Tamaske?

Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, balle yabo. Daga dakon albasa na tashi har na sayi kamiyo nawa, babbar motar ɗaukar kaya, ba ta ce uffan ba.

Marigayi Baba kalma guda ta Ingilishi ya kawo mana daga Gana: oke. Da ita yake kashe rigima, da ita yake sallama ciniki, da ita yake sa albarka.

Ƙanwata Hadiza ta ce, "Inna, kin yi shiru. Mai kamiyo yana jiran hukunci."

Inna ba ta dube ni ba. Inuwar itacen bedin tsakar gidan ta duba, ta ce wa Hadiza, "Hwaɗa mishi oke. Ki kuma ɗauko min tabarmata."

Wallahi sai na ji ƙamshin turaren Baba a iska.

Ku fa, wace kalma aka bar muku gado a gida?