Cokali Biyu a Ofishin Gilashi

Ina zaune ina jiran ƙanwata a kamfaninsu, inda ake haɗa injinan da ke aiki da kansu. Daura da ni akwai ofis na gilashi, mutum ɗaya ne a ciki. Rigarsa fara ƙal, amma yatsunsa duk tabon ƙuna, irin na wanda ya daɗe yana haɗa wayoyi. Yana ta juya biro kamar sukudireba.

Injiniyoyi suna fitowa cin abinci, suna tsokanar juna. Da sun iso ƙofarsa sai dariya ta ɗauke.

"Sannu da aiki, yallaɓai."

Kafin ya buɗe baki sun wuce.

"A da tare da shi suke ci," in ji wata mai shara, tana matse tsumma kusa da ni. "Tunda aka ƙara masa girma, shi ke nan."

Ya buɗe kular abincinsa. Cokali biyu ne a ciki. Ina jin matarsa ba ta san an daina ci tare da shi ba. Ya zauna bai motsa ba har fitilar ofishin ta mutu, irin wadda ke mutuwa in ba ta ga motsi ba.

Sai ya ɗaga hannu yana kaɗawa. Na zaci ni yake gaisarwa, na ɗaga nawa. Ashe fitila yake wa. Da ta kawo, ya ga hannuna a sama. Ya yi murmushi, ya ɗauko cokali na biyu.

"Yaya, taso mu tafi," in ji ƙanwata.